Malamin da ke binciken siyasar yawun talaka, da gajeren lokacin da aka ba shi

A shekarar 1967 wasu manyan malamai suka taru a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan don su ba kalma ɗaya tak ma'ana. Kalmar ita ce fofulizim. Aka yi ta kai-kawo, aka tashi ba a tsayar da magana ɗaya ba. Shekara 50 cif bayan wannan zama, a 2017, ƙamus ɗin Cambridge ya zaɓe ta a matsayin kalmar shekara, saboda yadda ta cika bakin 'yan jarida bayan ƙuri'ar raba gardamar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da kuma zaɓen Donald Trump. Ni a nan zan kira ta siyasar yawun talaka, domin duk inda ta ɓulla za ka tarar da mutum ɗaya ko jam'iyya ɗaya tana cewa ita kaɗai ke magana da yawun jama'a, sauran kuwa duk barandan manya ne.

Akwai malaman jami'a da suka sadaukar da rayuwarsu ga binciken wannan siyasa, tare da abubuwa biyu da ba sa rabuwa da ita: al'adar siyasar al'umma, da manufofin da gwamnati ke zartarwa. Ukun nan tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Al'ada tafiyar hawainiya take yi, tana iya kwashe shekara 30 kafin a gane ta motsa. Siyasar yawun talaka kuwa wutar kara ce, zaɓe ɗaya ya isa ya tashe ta. Manufa tana tsakiya: a rattaba hannu yau, a ga amfani ko ɓarna bayan shekara goma. Wanda ya zaɓi wannan fanni yana riƙe da igiyoyi uku masu tsawo daban-daban, kuma tsarin aikin jami'a ya fi saka masa da alheri idan ya ja mafi gajarta. Wannan ne abin da ya dame ni, shi ne kuma abin da nake son in warware.

Mu fara da al'adar siyasa, tunda ita ce tushe. Ba ana nufin kiɗa da rawa ranar gangami ba. Ana nufin abin da mutum ya ƙudura a ransa game da hukuma: shin yana ganin kukansa zai iya sauya wani abu? Ya yarda da maƙwabcin da bai sani ba? Idan jam'iyyarsa ta sha kaye, zai ɗauka an kayar da su ne ko an cuce su? Gabriel Almond da Sidney Verba su ne suka ɗora wannan fanni a kan ma'auni. A binciken da suka wallafa a 1963, sun sa an tambayi kimanin mutum 1,000 a kowace ɗaya daga cikin ƙasashe biyar: Amurka, Birtaniya, Jamus ta Yamma, Italiya da Meksiko. Cikin tambayoyin akwai wata mai sauƙin ji: idan hukumar garinku za ta kafa wata doka da kake ganin zalunci ce, me za ka iya yi? Daga amsoshin suka kasa mutane kashi uku. Akwai wanda bai ma san da gwamnati ba sai abin da ke ƙofar gidansa, akwai wanda ya san ta amma biyayya kawai yake yi, akwai kuma wanda yake ganin da shi ake damawa. An soki aikin, kuma da gaskiyar masu sukan, domin sun auna kowa da mudun Amurka da Birtaniya. Sannan Jamusawan da aka ce masu biyayya ne kawai, kafin shekara 20 sun sauya sosai, abin da ya nuna al'ada ba a jini take ba. Duk da haka ƙofar da suka buɗe ba ta sake rufuwa ba. Ta nan aka bi aka samu babban binciken ɗabi'un al'ummomin duniya da Ronald Inglehart ya jagoranta tun daga 1981, da Latinobarometro na Latin Amurka a 1995, da Afrobarometer na Afirka a 1999.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne na Robert Putnam a Italiya. A 1970 ƙasar ta kafa gwamnatocin yankuna masu tsari kusan iri ɗaya, sai shi da abokan aikinsa suka ce bari su zuba ido su ga yadda iri ɗaya zai tsiro a gonaki daban-daban. Wata dabarar da suka yi ta isa a tsaya a kanta. Sun rubuta wasiƙu kamar talakawan gari zuwa ofisoshin yankunan, suna tambayar abubuwa na yau da kullum: yadda ake biyan kuɗin magani, inda ake samun horon sana'a, yadda manomi zai nemi rance. Sannan suka zauna suna ƙirga kwanaki. A yanki irin Emilia-Romagna da ke arewa, amsa ta fara isowa cikin kimanin mako guda. A wasu yankunan kudu, kamar Calabria, shiru kake ji, sai da aka bi da waya, aka kuma taka da ƙafa har ofis. Doka ɗaya, kuɗi daga baitulmali ɗaya, amma aiki ya sha bamban. Putnam ya danganta bambancin da yawan ƙungiyoyin sa-kai da yardar da ke tsakanin jama'a. Ko ka yarda da bayaninsa ko ba ka yarda ba, lura da abu ɗaya: sai a 1993 ya fitar da sakamakon, shekara 23 bayan kafa yankunan.

To, wane matashin malami ne yau zai iya jira haka? Duba yadda hanyar take. Digirin digirgir a kimiyyar siyasa yakan ci shekara biyar zuwa bakwai a Amurka, uku zuwa huɗu a Birtaniya. Bayan nan sai aikin kwantiragi na shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci a ƙasar da mutum bai taɓa takawa ba, da mata da yara ko babu su. Wanda ya dace ya samu gurbi a jami'ar Amurka yana da kimanin shekara shida ya nuna abin da ya wallafa kafin a yanke masa hukunci: ko kujerar dindindin ko sallama. A Jamus doka ta iyakance aikin kwantiragin bincike zuwa shekara shida kafin digirin digirgir da shida bayansa, kuma a 2021 dubban matasan masu bincike suka fito a shafukan sada zumunta suna kokawa da yadda ake tatsar su a watsar. Kowace maƙala kuma sai ta bi ta hannun masu tantancewa biyu ko uku waɗanda ba ka san su ba, su ma ba a gaya musu sunanka ba. Wata shida kana jira, sai wasiƙa ta zo: ɗaya ya ce a ƙara alƙaluma, ɗaya ya ce alƙaluman sun yi yawa ba a fito da nazariyya ba, edita ya ce a gyara a sake turowa. Tsarin yana da amfani, yana tace tsaki daga gari. Amma yana koya wa matashi ya zaɓi tambayar da zai iya amsawa cikin wata goma sha takwas, ya bar wadda ke buƙatar rabin rayuwarsa.

Daga 2016 sai kasuwar siyasar yawun talaka ta buɗe. Kuɗin tallafin bincike ya karkata can, mujallu suka buɗe mata ƙofa, gidajen talabijin suka shiga neman masana. Waɗanda suka daɗe suna aikin a gefe, ana yi musu kallon masu bin ƙananan jam'iyyun da ba za su taɓa cin zaɓe ba, suka wayi gari ana rububinsu. Tare da su kuma 'yan ba-ni-na-iya suka shigo, kowa ya liƙa kalmar a kan maƙalarsa. Har ta kai duk ɗan siyasar da ya ɗaga murya, ko ya yi alkawarin rage haraji, ko ya sa hular gargajiya, sai a ce ga shi nan. Kalmar da ake jifan kowa da ita ta daina auna komai.

Shi ya sa rigimar ma'ana ba ɓata lokaci ba ce, ko da yake daga waje haka take kama. Ma'anar da ta fi karɓuwa ita ce ta Cas Mudde, ɗan ƙasar Holan, wadda ya gabatar a 2004. A wurinsa wannan siyasa aƙida ce siririya mai raba al'umma gida biyu, jama'a tsarkaka da manya gurɓatattu, tana kuma cewa aikin siyasa shi ne zartar da nufin jama'a kai tsaye. Da yake siririya ce ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, sai ta jingina da wata: a hannun Hugo Chavez na Benezuwela ta jingina da gurguzu, a hannun Marine Le Pen ta Faransa ta jingina da kishin ƙasa da ƙyamar baƙi. Kurt Weyland, wanda ya ƙware a siyasar Latin Amurka, ya ce a bar maganar aƙida, dabarar neman mulki ce kawai, inda shugaba ke tsallake jam'iyya da majalisa ya haɗa kai tsaye da taron mabiya. Jan-Werner Müller ya ce alamarta ta gaskiya ita ce ƙin yarda cewa abokin hamayya ma ɗan ƙasa ne mai haƙƙi. Shi kuwa Ernesto Laclau ɗan Ajantina bai ɗauke ta cuta ba sam. A ganinsa hanya ce da waɗanda aka mayar saniyar ware ke tattara koke-kokensu mabambanta su zama murya ɗaya. Tarihi ma bai bar kowa da hujja shi kaɗai ba. Jam'iyyar da ta fara ɗaukar wannan suna a Amurka ta manoma ce da kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna suka matsa wa, ɗan takararta na shugaban ƙasa James Weaver ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a 1892, kuma wasu buƙatunsu, kamar harajin da ke ƙaruwa da yawan samun mutum da zaɓen sanatoci kai tsaye, daga baya sun zama doka.

Yaya ake auna abu irin wannan? Kirk Hawkins na Jami'ar Brigham Young ya fito da wata hanya. A ɗauko jawabai huɗu na shugaba: ɗaya na yaƙin neman zaɓe, ɗaya na buɗe wani aiki, ɗaya da ya yi a gaban baƙin ƙasashen waje, da ɗaya da ya yi fice. A ba mutum biyu da suka iya harshen, kowa ya karanta shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ba ƙirga kalmomi ba, yana neman abu biyu: shin an zana jama'a a matsayin masu gaskiya baki ɗaya, an kuma zana wasu tsiraru a matsayin maƙiya masu ƙulla makirci? Sai ya ba da maki daga sifili zuwa 2. Idan makin mutum biyun ya yi hannun riga, su zauna su daidaita. Aiki ne na gumi, kuma yana bayyana abin da kunne kan tsallake, misali cewa shugaba ɗaya kan yi ruwan wuta a filin gangami sannan ya koma salihi a gaban jakadu.

Amma jawabi iska ne. Abin da ke taɓa rayuwar mutum shi ne abin da aka sa wa hannu, kuma a nan ne nake ganin fannin ya fi buƙatar ma'aikata, ya kuma fi ƙarancinsu. Tun 1991 Rudiger Dornbusch da Sebastian Edwards suka bayyana zagayen da suka gani a Latin Amurka: sabon shugaba ya buɗe bakin aljihu, ya ƙara albashi, ya ƙayyade farashi, shekara ɗaya ko biyu kowa na sam-barka, sai kuɗin waje ya ƙare, kaya su yi wuya, farashi ya tashi, a ƙarshe talakan da aka yi domin shi ya koma ƙasa da inda ya fara. Peru a zamanin Alan Garcia, daga 1985 zuwa 1990, ita ce misalin da ake yawan kawowa, inda hauhawar farashi ta haura kashi 7,000 cikin ɗari a shekarar ƙarshe. A 2023 wasu masana tattalin arziki uku, Funke da Schularick da Trebesch, suka bi sawun shugabanni 51 masu irin wannan siyasa daga 1900 zuwa 2020, suka gano cewa bayan shekara 15 abin da kowane ɗan ƙasa ke samu ya yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin ɗari idan aka kwatanta da inda ƙasar za ta kai ba tare da su ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma malamin kirki ba ya ɓoye sauran. Thaksin Shinawatra na Tailan, wanda ake sawa a wannan sahu, shi ne ya kawo shirin ganin likita da baht 30 kacal na kuɗin ƙasar, wanda ya buɗe ƙofar asibiti ga miliyoyin mutanen karkara, kuma gwamnatocin da suka biyo baya, har da na sojan da suka kifar da shi a 2006, ba su iya soke shi ba. A Folan jam'iyyar PiS, mai mulki a lokacin, ta fara biyan iyalai zloty 500 na kuɗin ƙasar a wata kan yara a 2016, talaucin yara ya ragu, jam'iyyun da suka yi ta sukar shirin suka riƙe shi da suka karɓi mulki. Wannan jam'iyya ɗaya kuma ita ce ta yi ta kutsawa cikin harkar kotuna har ta kai ga shari'a da Tarayyar Turai. A Hangari, Viktor Orban ya dawo mulki a 2010 da rinjayen kashi biyu cikin uku na majalisa, ya sake kundin tsarin mulki, aka rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, abin da ya share ɗaruruwan alƙalai a lokaci guda. Ka ga hannu ɗaya na miƙa wa talaka abin da ya daɗe yana nema, ɗayan na kwance sukurorin da ke riƙe da mai mulki. Mai binciken da ya ga hannu ɗaya kawai, kowanne ne, bai gama aikinsa ba.

Igiyar kuma tana jan ta ɗaya ɓangaren, wato manufa ma tana haifar da wannan siyasa. Thiemo Fetzer ya nuna a 2019 cewa yankunan Birtaniya da matakan tsuke bakin aljihu na bayan 2010 suka fi yi wa illa su ne suka fi karkata ga jam'iyyar UKIP mai fafutukar ficewa daga Tarayyar Turai, sannan ga ƙuri'ar ficewa, wadda ta yi nasara da kashi 51.9 cikin ɗari. Pippa Norris da Inglehart kuwa sun fi ɗora nauyin a kan al'ada: tsofaffi da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba sun ji kamar an mayar da su baƙi a ƙasarsu, saboda yadda ɗabi'u suka sauya cikin sauri. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu cewa aljihu ne da masu cewa al'ada ce. Ni ban ga dalilin raba su ba. Mutumin da aka rufe masana'antar garinsu bai rasa albashi kawai ba, ya rasa ƙungiyar ƙwadagonsa, da wurin hirarsa, da girman da 'ya'yansa ke ba shi. In ya je rumfar zaɓe da dukkan waɗannan yake zuwa.

Sai babban ƙulli, wanda malamin ilimin taurari ko na tsirrai bai san da shi ba. Mai binciken siyasar yawun talaka yana cikin abin da yake bincike. Idan aka tashi lissafa manyan da suka cuci jama'a, bayan 'yan siyasa da masu banki da 'yan jarida, 'yan boko ne ke biye. Ana dab da ƙuri'ar ficewar Birtaniya a 2016, minista Michael Gove ya faɗa a talabijin cewa mutanen ƙasar sun gaji da masana. Ka ɗauka malama ta ƙwanƙwasa ƙofar wani dattijo da takardar tambayoyi a hannu, ta ce daga jami'a take. Kafin ta karanta tambaya ta farko ya riga ya sa ta a sahu, kuma amsar da zai bayar ta dogara da sahun da ya sa ta. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Yawancin malaman wannan fanni mazauna manyan birane ne, masu digiri da fasfo, waɗanda buɗe kan iyakoki ya amfana. Idan ba su yi hattara ba sai su riƙa nazarin mai jefa ƙuri'a kamar likita da majinyaci, suna neman abin da ya same shi, ba su tsaya sun tambayi ko abin da yake faɗa gaskiya ne ba. Sau da yawa kuwa gaskiya ne: an rufe asibitin, an yi alkawarin an saɓa, yawancin waɗanda suka jawo rikicin bankuna na 2008 ba su kwana a kurkuku ba. Maganin da ɗan siyasa ya kawo yana iya zama guba, amma ciwon da aka kai masa na gaske ne.

Wasu malaman sun ƙi tsayawa kallo, sun tsunduma. A Sifaniya, a 2014, malaman kimiyyar siyasa na Jami'ar Complutense da ke Madrid, cikinsu har da Pablo Iglesias da Inigo Errejon, suka kafa jam'iyyar Podemos bisa tunanin Laclau da abokiyar aikinsa Chantal Mouffe, suka raba ƙasar tsakanin jama'a da 'yan tsirarun da suka kankane komai. A zaɓen Disamban 2015 su da ƙawayensu suka samu kujeru 69 a majalisa. Iglesias ya zama mataimakin firaminista a 2020, ya bar siyasa a 2021, bayan shi da Errejon sun riga sun raba gari. Wasu kuma ta ƙofar ba da shawara suke shiga, su rubuta wa ma'aikatu rahoto, su zauna a kwamitocin majalisa. Tun daga 2014 tsarin tantance jami'o'in Birtaniya yana ba da maki kan tasirin bincike a wajen jami'a, don haka akwai matsin lamba a nuna cewa wani minista ya karanta aikinka. Haɗarin a fili yake: wanda ke son a sake gayyatarsa yakan sassauta harshe.

Akwai kuma inda ba sassauci ake nema ba, shiru ake so. A Janairun 2016 malaman jami'a sama da 1,000 a Turkiyya suka sa hannu a wata takardar neman zaman lafiya a yankin Kurdawa. Aka gurfanar da ɗaruruwansu a kotu, aka kori da yawa daga aiki ta hanyar dokokin ta-ɓaci bayan yunƙurin juyin mulkin watan Yulin wannan shekara, wasu aka soke musu fasfo. Sai a 2019 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce an tauye musu 'yancin faɗar albarkacin baki. A Hangari kuwa, Jami'ar Tsakiyar Turai da attajiri George Soros ya kafa a 1991, wadda sashenta na kimiyyar siyasa ya yi suna wajen nazarin dimokuraɗiyya a ƙasashen da suka fito daga mulkin kwaminisanci, ta wayi gari a 2017 da wata sabuwar doka da aka ɗinka daidai wuyanta. Dubun-dubatar mutane suka fito titunan Budapest, malamai daga ko'ina a duniya suka rubuta wasiƙu, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. A 2019 jami'ar ta fara kwashe azuzuwanta zuwa Vienna, babban birnin Ostiriya. A watan Oktoban 2020 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa dokar ta saɓa wa ƙa'idojin Tarayyar, a lokacin da ɗalibai suka riga suka fara ɗaukar darasi a ɗaya gefen iyaka.